Autanmu zai tafi karatun dutse mai aman wuta, ku ba ni shawara

Baban Hafsa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, don Allah masu ilimin cikinmu ku sa baki. Autanmu da ya gama fiziks ya yi bautar ƙasa bara ya samu tallafin karatu zuwa Turai, digiri na biyu. Da na ji sai na yi hamdala. Da na tambaye shi me zai karanto, sai ya ce min wai girgizar ƙasa da duwatsu masu aman wuta. Na ce kai, mu nan Riruwai wane dutse ne ya taɓa yi mana amai? Hajiya mahaifiyarmu ta ce ba inda za shi, ga Injiniya ya yi masa tayin aiki a harkar burtsatse, ga gona, ga maganar aure. Yaron kuma ko abincin kirki ya daina ci. Ni dai kaina ya kulle.

Sarkin Tsokana: Wa'alaikumus salam. Yaya ku bar shi ya tafi mana. In ya dawo sai mu yi karo-karo mu sayo masa dutsen, ko ɗan Kwatano ne 😂

Injiniya Mai Burtsatse: Ban so aka ambace ni ba, amma tunda an riga an yi. Ni ba hana shi karatu nake ba, yaron kansa na ja. Abin da na ce shi ne, ilimin da muke matuƙar buƙata a nan na nemo ruwa ne. Yankinmu dutse ne a ƙasa, ruwa sai a cikin tsaga ko inda dutsen ya ruɓe. Ka kauce da taku goma sai ka haƙa mita 80 ƙura kawai ke fitowa. Da idona na ga wani ɗan kwangila a wani ƙauye ta wajen Burji, bai yi gwajin ƙasa ba, aka nuna masa gindin wata tsamiya aka ce nan kakanni suka ce akwai ruwa. Inji na ta ruri, mata sun jera jarkoki, yara sun yi fari fat da ƙurar dutse, ƙarshe da buhunan ƙasa aka toshe ramin. Kuɗin gayya ne fa, har da na awakin da mata suka sayar. Mai hana irin wannan asarar muke nema, ba mai gadin dutsen Italiya ba.

Malam Fiziks: Baban Hafsa, ni na koyar da shi daga aji huɗu zuwa shida, don haka ina da ta cewa. Karatun nan ba kallon wuta ba ne. Ku dubi yadda iyayenmu mata ke sayen randa a kasuwa: sai sun ƙwanƙwasa sun kasa kunne, daga ƙarar za su gane mai tsaga da lafiyayya, ko a gida ma daga ƙarar sukan san ruwa ya yi ƙasa. To aikinsu ke nan, sai dai tasu randar duniya ce gaba ɗaya. Ramin da ya fi kowanne zurfi da ɗan Adam ya haƙa shi ne na Kola a Rasha, kilomita 12 da 'yan kai, alhali zuwa tsakiyar duniya wajen kilomita 6,370 ne. Yawancin abin da aka sani game da can ciki, ta saurare aka san shi.

Idan ƙasa ta tsage a wani wuri, motsi iri biyu ke ratsa cikinta. Na farko, da ake kira P, turawa yake yi gaba, yana gudun wajen kilomita 6 a daƙiƙa a cikin dutsen sama. Na biyu, S, karkaɗa dutse yake gefe da gefe, gudunsa wajen kilomita 3 da rabi, kuma ba ya ratsa ruwa ko wani abu narkakke. Tunda P kullum yana riga S isowa, in ka ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakaninsu ka ninka da 8, ka samu kusan nisan girgizar a kilomita. Tashoshi uku suka yi haka, an gano wurin. Kuma da aka lura S ba ya ɓullowa ta ɗaya ɓangaren duniya, sai aka gane akwai narkakken ƙarfe a ciki, daga zurfin wajen kilomita 2,900. A 1936 wata mata 'yar Denmak, Inge Lehmann, ta nuna cewa a tsakiyar wannan narkakken akwai wani curi daban.

Maman Walid: Malam mace ka ce? A 1936?

Malam Fiziks: Mace kuwa, Hajiya. Ba kwamfuta a lokacin. A kan 'yan katuna take rubuta lokacin da girgiza ta iso kowace tasha, tana jera su cikin kwalaye. Girgizar da aka yi a Niyu Zilan a 1929 ce ta ba ta hujja, don ta ga motsi ya isa tashoshin da lissafin wancan zamani ya ce ba zai isa ba. Shekara 104 ta yi a duniya.

Dakta: Salam. Yanzu na fito daga aji na tarar da saƙonni sun taru. Yaya Baban Hafsa, ka tambaya wane dutse ya taɓa yi mana amai. A kansa kake zaune. Duwatsun da suka kewaye Riruwai saiwar tsohon dutse mai aman wuta ce. Sama da shekara miliyan 150 da suka wuce ya yi amansa, bakinsa ya rufta ciki, iska da ruwa suka cinye samansa, ya rage zoben duwatsun da muke gani. Kuzar da kakanninmu suka yi ta wankewa, da tutiyar da aka haƙa mata ramin ƙarƙashin ƙasa, duk daga ruwan zafin da ya biyo narkakken dutsen nan suka taru. Kuma ba mu kaɗai ba ne, jeri ne guda tun daga Azbin a Nijar, ya biyo ta Dutse da Birnin Kudu da Shira, ya ratsa Jos har Afu a Nasarawa, na arewa sun girmi na kudu. Masu nazarin duwatsu daga ƙasashen waje sun yi rubuce-rubuce da yawa a kan garin nan namu.

Sarkin Tsokana: Innalillahi. Dakta ka ce in kwashe iyali kawai.

Dakta: Kwanta ka yi barcinka, wannan ya mutu murus. Waɗanda ba su kai shi tsufa ba suna Filato wajen Panyam da Kerang, da kuma tudun Biu a Borno inda tafkin Tila yake a bakin wani tsohon dutse. Mai rai sosai a kusa da mu shi ne Dutsen Kamaru, ya yi amai a 1999 da 2000.

Alaramma: Assalamu alaikum. Ina bin maganarku. Neman ilimi ba laifi, duba halittar Allah ma an umarce mu da shi. Amma akwai inda nake jin tsoro. Girgizar ƙasa aya ce daga ayoyin Ubangiji. Lokacin ta Turkiyya yara suka yi ta yawo da wani saƙo wai wani Bature ya faɗi ranar tun kafin ta zo. Idan karatun da za a koya wa yaron nan na da'awar sanin gaibu ne, to ni ba na goyon baya.

Dakta: Allah gafarta Malam, a nan bakinmu ɗaya. Ba wani masanin kirki a duniya da zai ce maka ranar kaza, ƙarfe kaza, ƙasa za ta girgiza a gari kaza. Ta 6 ga Fabrairun 2023 ta kashe sama da mutum 50,000 a Turkiyya da Siriya, an daɗe da sanin tsagar tana nan kuma tana da haɗari, amma ranar ba wanda ya sani. Masu irin wancan saƙon kullum cikin hasashe suke, in ɗaya ya dace sai a manta da ɗarin da suka faɗi ba su faru ba. Iyakar abin da ake yi a Jafan da Meziko shi ne, in P ya iso na'ura sai ta aika gargaɗi kafin S mai rushe gini ya iso. Daƙiƙoƙi ne kawai, amma sun isa a tsayar da jirgin ƙasa.

Dutse mai aman wuta kuwa daban ne, shi yakan nuna alama. Narkakken dutse ba ya hawowa sama a ɓoye: yana fasa hanya, ƙasa na kumbura, iskar da ke fita na canzawa. Karanta alama ne, ba duba ba.

Alaramma: To in haka ne, babu damuwa ta wannan fuskar. Allah ya sa mu dace.

Baban Hafsa: Dakta na gode, amma ni tambayata ta ɗan kasuwa ce. Mai wannan karatun in ya tashi da safe wane aiki yake yi? Wa ke biyansa?

Dakta: Bari in ba ka labarin mutum ɗaya, don shi ne wanda duk ɗalibin fannin zai ci karo da sunansa. Bernard Chouet, haifaffen Suwizalan a 1945. Injiniyan lantarki ya fara karantawa a Lausanne, ya tafi jami'ar MIT a Amurka, can ya koma nazarin ƙasa a hannun wani malami ɗan Jafan, Keiiti Aki. A 1983 ya shiga hukumar binciken ƙasa ta Amurka, a nan ya yi aikinsa har ya yi ritaya. Ka ga amsar wa ke biya: gwamnati ko jami'a. Albashi ne, ba kwangila ba.

Abin da ya shafe shekaru a kai zane ne a takarda. Na'urar da ke gindin dutse tana zana iri-irin motsi. Akwai na fashewar dutse, ya zo da ƙarfi ya wuce. Akwai wani kuma mai sanyin kaɗawa, ya fara ya daɗe yana lilo kafin ya mutu. Mutane sun daɗe suna ganin na biyun ba su san me ke haifar da shi ba. Chouet ya zauna da lissafi da kwamfuta ya nuna cewa tsaga ce cike da ruwa ko tururi ko narkakken dutse take amsa kuwwa idan matsi ya bugi bangonta. Ma'ana in irin wannan zanen ya fara yawaita yana matsowa kusa da juna, matsi na taruwa a ciki, bakin kuma a toshe yake. Shekaru yana wannan, ba wanda ya san da shi sai 'yan fannin.

A Nuwamban 1985 dutsen Ruiz a Kolombiya ya yi amai, ƙanƙarar da ke kansa ta narke, taɓo ya gangaro da dare ya binne garin Armero, mutum wajen 23,000 suka mutu. Taswirar haɗari tana nan, ba a kwashe mutane ba. Sai Disambar 1989, dutsen Redoubt a Alaska ya farka. Tokarsa ta kashe injuna huɗun wani jirgin Boeing 747 a sama, da mutum fiye da 200 a ciki, sai da ya yi ta gangarowa kafin injunan su tashi. A gindin kwarin dutsen akwai ma'ajiyar man fetur ta Drift River da ma'aikata a ciki. Ranar 2 ga Janairun 1990 Chouet da abokan aikinsa suka ga wancan zanen yana ninkuwa, suka matsa aka kwashe ma'aikatan. Sa'o'i kaɗan bayan nan dutsen ya fashe, taɓo ya malalo ta kwarin har wajen ma'ajiyar. Ka ce wa kamfanin mai ya rufe ya kwashe mutane saboda wani zane a takarda, in ba abin da ya faru kai za a tuhuma. Wannan shi ne nauyin aikin.

Shi malamin nasa Aki, da girma ya kama shi bai zauna hutu ba, tsibirin Reunion ya koma kusa da Madagaska, gindin wani dutse mai yawan amai, can ya rasu a 2005.

Maman Walid: Dakta ka faɗi daɗin, faɗi ɗacin. Su masu hawa dutsen ba sa mutuwa? Ni uwa ce, na san abin da ke ran Hajiya ko ba ta furta ba.

Dakta: Suna mutuwa, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. A Janairun 1993 ana taron masana a garin Pasto na Kolombiya, wasu suka hau dutsen Galeras, ya fashe suna bakinsa. Mutum tara suka rasu, shida masana ne. Abin takaici, irin wancan zanen ya bayyana a kwanakin da suka gabata, har yau ana jayayya kan ko ya kamata a bar su su hau. A 1991 ma wasu mata da miji 'yan Faransa, Katia da Maurice Krafft, sun mutu a dutsen Unzen na Jafan. Sai dai mai nazarin motsin ƙasa yawancin aikinsa a ofis ne gaban kwamfuta. Ya je ya binne na'ura, ya haɗa mata batir da farantin sola, ya dawo, saƙo na zuwar masa ta iska. Ni na fi jin tsoron hanyar dajin Falgore da dare a kan wannan.

Baffa Direba: Salamu alaikum. Yarona ke rubuta min, idona ba ya ganin ƙananan rubutu. Ku yara kuna cewa abin nan nesa yake. Shekarar 1986 ina jan babbar mota tsakanin Najeriya da Bamenda ta Kamaru. Bayan abin da ya faru a tafkin Nyos na shiga garin Wum, na tarar da Fulani 'yan uwanmu zube a harabar asibiti, wasu ba sa iya magana. Wani dattijo ya ce min da dare suka ji ƙara daga wajen tafki, fitilar da ke ɗakinsa ta mutu da kanta, ya tashi zai duba shanu ya faɗi. Da ya farfaɗo rana ta yi sama, shanunsa duk a kwance, iyalinsa a kwance, ba rauni a jikin kowa. Abin da ya fi tsaya masa a rai, ya ce ko ƙuda ɗaya babu a kan mushen. Ba wuta, ba toka. Ban taɓa mantawa ba.

Dakta: Allah ya jiƙansu, Baffa. Daren 21 ga Agusta ne. Tafkin a bakin tsohon dutse yake, zurfinsa wajen mita 200, iskar kabon da ke tasowa daga ƙasa ta yi ta taruwa a ruwan ƙasan, ranar ta ɓalle gaba ɗaya. Ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta bi kwari tana kore ta, shi ya sa fitila ta mutu, ƙudaje ma suka mutu. Mutum sama da 1,700 da dabbobi wajen 3,500. Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun ya yi irin haka ya kashe mutum 37. Masana ne suka gano dalili, a 2001 aka zura bututu har ƙasan tafkin yana fitar da iskar a hankali, aka ƙara wasu a 2011.

Ga inda ya shafe mu kai tsaye: an daɗe ana fargabar bangon da ya tare tafkin ba shi da ƙwari, in ya ɓalle ruwan kogin Katsina-Ala zai biyo ya shigo Taraba da Binuwai. Babban dalilin gina madatsar Kashimbila ke nan, wadda yanzu ake samun lantarki megawat 40 daga gare ta.

Injiniya Mai Burtsatse: Baffa Allah ya ƙara lafiya. Dakta duk na ji, ban musa ko ɗaya ba. Amma ba ka amsa wa Baban Hafsa ba. Wancan Baturen gwamnatinsa ta riƙe shi shekara da shekaru yana kallon zane. A nan wa zai riƙe namu? Cibiyar sa ido kan motsin ƙasa da ke Toro a Bauchi mutum nawa za ta ɗauka? Da ƙasa ta motsa a Kwoi a 2016 da Mpape a 2018, an yi ta surutu, wannan ya ce fasa dutse ne, wancan ya ce yawan burtsatse ne, har mu aka shafa wa kashin kaji, bayan wata ɗaya kowa ya manta. Biyu ce za ta faru: ko ya dawo ya riƙe alli, ko ya ƙi dawowa. Hajiya ta biyun take gudu, ku daina kewaye-kewaye.

Malam Fiziks: Injiniya riƙe allin ma ai sana'a ce 🙄

Injiniya Mai Burtsatse: Afuwan Malam, ba da kai nake ba.

Dakta: Maganarka akwai ƙamshin gaskiya. Guraben kaɗan ne, kuma Afirka ba ta riƙe irin waɗannan cibiyoyi da kyau. Dubi Goma a Kwango. Dutsen Nyiragongo ya kwararo cikin gari a 2002, ya sake amai a Mayun 2021, kuma kafin na biyun cibiyar da ke sa masa ido ta yi watanni tana fama da rashin kuɗi. Ko da yake binciken da ya biyo baya ya nuna dutsen bai ba da alamar kirki ba sai ƙasa da awa ɗaya kafin ya ɓalle, don haka ko ilimin ma yana da iyaka. Inda na saɓa da kai shi ne cewa ba shi da abin yi in ya dawo. Neman man Kolmani da aka yi tsakanin Bauchi da Gombe da me aka yi shi? Girgiza ƙasa aka yi da gangan aka saurari amsar. Batun dawowa kuwa, wannan halin mutum ne, ba fannin karatu ba. Likitoci nawa suka tafi?

Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na yi shiru ne don kada a ce na yi rashin kunya. Yaya, shekara biyu ne karatun, kuma rabinsa sarrafa bayanan na'ura ne, dutsen wurin gwaji ne kawai. Kawu Injiniya, na'urarka wuta take turawa ƙasa, ta gaya maka inda ke da damshi, amma kai da kanka ka ce min wani lokaci yumɓu na yaudararta. Akwai hanyar da ake jera ƙananan na'urorin saurare 24 a layi, a ɗora faranti na ƙarfe a ƙasa a doke shi da babbar guduma. A busasshiyar ƙasa motsin wajen mita 500 ne a daƙiƙa, inda ruwa ya jiƙa ya kai wajen 1,500, a lafiyayyen dutse ya haura 5,000. Daga nan za ka san zurfin da dutse ya fara da inda ya ruɓe. In aka haɗa da taka, kuskure zai ragu. Lissafin ɗaya ne da wanda za a koya min. Ba zan yi rantsuwa a zaure ba, amma niyyata in dawo.

Maman Walid: Kowa haka yake cewa a filin jirgi, ƙanina. Ka je ka faɗa wa Hajiya da bakinka, ba a waya ba.

Baban Hafsa: To. Ni dai ban iya yanke hukunci a kan Hajiya ba. Alaramma, in ba damuwa ka raka ni wajenta Juma'a bayan an sauko, kai take jin maganarka. Dakta, labarin Galeras ɗin nan ya tsaya a zaure don Allah.

Maman Walid: A'a Baban Hafsa. In za a gaya mata, a gaya mata duka.

Alaramma: Gaskiyar Hajiya Maman Walid. Zan zo in sha Allah, kuma yaron ya yi istihara kafin nan.

Injiniya Mai Burtsatse: Auta, na'urar gudumar nan na san ta, tsadarta ce ta hana ni, ba jahilci ba. Asabar muna da gwaji a wani ƙauye bayan Doguwa, wuri ne da aka haƙa sau biyu ba a samu ba. Ka same ni a tasha bayan asuba. Kai za ka ja waya ka kafa ƙarafa, kai za ka karanta sakamakon, ka nuna min inda za a sa inji. Ka zo da takalmi mai kauri da ruwan shanka, gonar rake ce kuma ba inuwa.